Gudu Zuwa Tagar Hawa Na Uku

Zuwa ga matata, Mai Keke,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin? Yaya numfashin? Ina fatan zazzaɓin ya sauka, kina kuma samun barci. Allah ya tashi kafaɗunki. Mu nan ƙalau muke, ni da Auta. An gwada mu ba a same mu da komai ba, saboda haka ki cire wannan daga ranki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Da na buga miki waya shekaranjiya, ban ji komai ba sai hucin iskar da suka ɗaura miki a fuska. Kina son magana, tari yana hana ki. Dole na ajiye wayar. Nas, maƙwabciyarmu, ita ta ce in daina wahalar da ke, in rubuta kawai, za ta sa a leda ta kai miki tunda a sashenku take aiki. In idonki ya gaji za ta karanta miki. To ga ni, ni da rabona da dogon rubutu tun ina makaranta. Ki yi haƙuri da hannun, kamar kaza ta yi tono.

Kekenki na ɗinki na lulluɓe shi da zane saboda ƙura. Matar da ta kawo labule ta bugo, na gaya mata, ta ce ki warke tukuna, labule ba gudu zai yi ba. Auta ce ke girki. Tana ƙoƙari, sai dai hannunta da gishiri ba sa jituwa, yau ya yi yawa gobe babu. Ni dai ci nake in ce madalla.

Kamfani sun ajiye motoci gaba ɗaya. Bas ɗina yana garaji, ni ina kujera. Dokar kulle ta ƙara tsanani tun da aka ɗauke ki. Abin da aka bari shi ne sayen abinci da magani kusa da gida, sai motsa jiki da safe. Ki zo ki ga abin mamaki: duk unguwa ta zama 'yan gudu. Titin nan namu da ba a iya tsallakawa saboda motoci, yanzu ƙarar takalma kawai ake ji. Mai aski yana ciki tunda an rufe masa shago. Malamar makarantar nan mai tabarau tana ciki. Har mai sayar da nama, wanda ko tsabar kuɗi ta faɗi ba ya iya sunkuyawa.

Jiya na kasa daurewa. Na sa riga na kama hanyar asibiti a ƙafa. A bakin gada na tarar da shingen 'yan sanda. Wani dogo ya tare ni ya ce, “Baba, ina zuwa?” Na gaya masa. Ya ce ba a ziyara. Na ce ba shiga zan yi ba, a waje zan tsaya. Ya ce wannan ba ya cikin abin da aka yarda. Muna cikin haka 'yan gudu suna ta wucewa ta gefenmu, ko kallo ba su ishe shi ba. Na ce su fa? Ya ce motsa jiki suke. Na ce to in na zo da gudu fa? Ya dubi tumbina, ya yi dariya har takunkuminsa ya zame. Ya ce, “Baba, ranar da ka iso nan da gudu, ni da kaina zan ɗaga shingen in sara maka.”

Nas ta ce gadonki yana jikin taga a hawa na uku, wadda ke kallon titin baya. Ki riƙa leƙawa da safe. Ba yau ba, ba gobe ba, amma ki riƙa leƙawa.

Auta tana gaishe ki.

Naki,
Direba

*

Mai Keke,

Gaisuwa da fatan kin tashi da sauƙi. Nas ta kawo mini saƙonki. Ta ce kin yi dariya har tari ya sarƙe ki, sannan kin ce in zauna inda nake, kada in ja mana abin kunya. Na ji. Amma kin san ni.

Mai aski ya ara mini kambas, ya ɗan yi mini yawa, na cusa auduga. Ranar farko na fito da ƙarfina kamar wanda kare ya biyo. Ko kantin magani ban kai ba na ji ƙirjina kamar an ɗora turmi, idona yana ganin taurari. Na zauna a bakin kwata ina haki. Mai aski ya tsaya daga nesa, hannu a ƙugu, ya ce, “Direba, haka kake tayar da bas? Daga tsaye sai giya biyar?” Ya ce in sa giya ɗaya, kamar ina hawan tudu da fasinja cike. In yi sassarfa daga wannan turken fitila zuwa wancan, in taka zuwa na gaba, in sake. Ya ce in dai ina gudu ba zan iya magana ba, to saurin ya yi yawa.

Da na koma gida Auta ta ga fuskata. Ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba sai ranar. Ta ce, “Baba, da hawan jininka? So kake a kwantar da ku ku biyu, a bar ni ni kaɗai a ɗakin nan?” Tana da gaskiya. Muka yi sulhu: sai na sha maganina a gabanta, ta auna jinina da abin awon nan naki, sannan in fita. In ya hau, in zauna. Yanzu ita ce ke ba da izinin tashi, kamar shugaban garaji.

Cinyoyina kamar an yi musu duka da taɓarya. In zan zauna sai na riƙe bango. Amma na wuce kantin magani, na wuce gidan burodi, jiya har shataletale na kai. Kin san hanyar nan ita nake bi da bas tun Auta ba ta fara tafiya ba, amma ban taɓa sanin tudu ne daga gidan burodi zuwa shataletale ba. Inji ne ke sani, ni ban sani ba. Yanzu gwiwoyina sun sani.

Kullum 'yan gudun ƙaruwa suke. Akwai mai fita da takalmin ofis, akwai mata biyu da ke gudu da dogayen riguna, akwai wani da ke turo keken jariri. Ba a matsowa kusa, ba a musabaha, amma kowa ka haɗu da shi sai ya ɗaga maka hannu. Mai aski ya ce shi ba don lafiya yake yi ba. In ya zauna a ɗaki, tunanin shagonsa ne ke cin sa. Ina jin yawancinmu haka ne, kowa da abin da ya koro shi daga ɗaki.

Nas ta ce daga wannan makon a asibiti za su riƙa kwana saboda yawan aiki. Auta za ta riƙa ba direban motar ma'aikata takardar ya kai mata. Ki ci abinci, ko ba daɗi.

Naki,
Direba

*

Mai Keke, Mai Keke!

Gaisuwa a gurguje. Yaya jikin? Ai na gani da idona, da sauƙi!

Na iso! Da na hango gada na ce wa ƙafafuna, yau ko ku ko ni. Dogon ɗan sandan nan ya hango ni tun daga nesa. Ya kira abokan aikinsa. Wallahi ya cika alkawari: ya ja shingen gefe, ya haɗa ƙafa, ya sara mini. Ban iya ce masa komai ba, numfashin bai kai ba.

Na zagaya titin baya, na tsaya jikin katanga, na ƙirga hawa. Tagogin duk iri ɗaya, rana tana haska gilashin, ba a ganin fuskar kowa. Na ɗaga hannu biyu kamar mahaukaci. Shiru. Har na fara cewa ko barci kike. Sai ga mayafinki ruwan ɗorawa, wanda kika yi wa bakin zare da hannunki, yana kaɗawa a jikin gilashi. Ko a cikin dubu zan gane shi.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka, ni da furfurata, a bakin titi. Wata mai gudu ta tsaya ta ce ko ƙafa ce, na ce a'a, matata ce.

Dawowa a ƙafa na taka, a hankali, ina ta yi wa mutane sannu. Na ba Auta labari, na zaci za ta yi tsalle. Ta ce alhamdu lillahi kawai, ta shige kicin. Ina jin gajiya ce, aikin gidan ya yi mata yawa.

Gobe ma ina nan tafe, da jibi, da gata. Kada ki wahalar da kanki da tsayuwa, daga kwance ma ki ɗaga, zan gani.

Naki,
Direba

*

Zuwa ga matata,

Ina gaishe ki, ko da yake yanzu na san ba ji kike ba. Nas ta ce tana karanta miki a kunne duk da haka, wai akan ji. To ki ji.

Na kwana biyu ban rubuto ba. Ga dalili.

Ranar Laraba na dawo ina ba Auta labarin yadda kika kaɗa mayafin da ƙarfi fiye da kullum. Tana wanke-wanke, ta ba ni baya. Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Ta juyo da kumfa a hannu ta ce, “Baba, ba Mama ba ce.” Ta durƙushe a wurin.

Ashe tun kafin in fara isa katangar nan jikinki ya tsananta. An mai da ke ɗakin masu jin jiki sosai, an sa ki barci, na'ura ce ke yi miki numfashi. Lambar Auta ce a wurin asibiti, ita suka kira. Ita da Nas suka yanke kada a gaya mini saboda jinina. Yarinyar nan kullum ita ke amsa wayar likita a banɗaki, ta wanke fuska, ta fito ta auna ni, ta ce, “Baba, a dawo lafiya, a gaishe da Mama.”

Na yi fushi, Mai Keke. Na faɗa mata maganganu. Na ce sun mai da ni abin dariya, ina tsalle a titi ina yi wa gilashi kuka. Na jefa kambas ɗin bayan ƙofa na shige ɗaki. Washegari ban fita ba, wanshekare ma haka. Mai aski ya yi ta fito a ƙasan taga, na yi banza da shi.

A rana ta uku na fito shan ruwa, na tarar da Auta ta yi barci a zaune kusa da kekenki, waya a hannu. A nan na dube ta da kyau. Wuyanta ya zama kamar na kwalba. Ni ina ta lissafin gwiwoyina, ban ga 'yata tana ƙarewa a gabana ba. Na tashe ta na ba ta haƙuri. Muka yi kukanmu tare. Na ce daga yau duk wayar likita, tare za mu ɗauka.

Da yamma Nas ta bugo, na tambaye ta abin da ke cina: to wa ke ɗaga mayafin? Ta ce wata tsohuwa ce da ke gadon kusa da naki. Ba ta da kowa a garin nan, ɗanta ɗaya yana wata ƙasa, an rufe iyaka. Ta ce ranar da za a ɗauke ki, kina numfashi da ƙyar, kika cire mayafin kika miƙa mata. Kika ce mijinki mai taurin kai ne, zai zo, mai tumbi ne ba ya ɓata, in ya zo ta ɗaga masa kada ya koma hannu rabbana. Tsohuwar ta roƙa a mai da ita gadon taga. Kullum tun da sassafe take sa a jingina ta da matashi, tana jira.

Haba Mai Keke. Ana tura ki a gado, ke tunanin wa kike?

Nas ta ce kwana biyun nan da ban je ba, tsohuwar ta ƙi karyawa. Tana ta tambaya, “Ina mai tumbin? Ko wani abu ya same shi? Ko ya gane ni ce?”

Yau da safe na ciro kambas. Auta ta auna ni, sannan ta shiga ta sa nata takalmin. Ta ce ba za ta ƙara zama ita kaɗai da wayar nan ba. Tare muka je. Ta fi ni sauri nesa ba kusa ba, amma ta riƙa jira na. Muka tsaya jikin katanga, muka ɗaga hannu huɗu. Mayafin ya kaɗa, ya kaɗa, ya ƙi tsayawa.

Ban san tagar ɗakin da kike ba, an ce ma ba ta kallon titi. Amma ginin ɗaya ne. Ina zuwa kusa da ke iyakar inda aka bari.

Ki yi ƙoƙari. Don Allah ki yi ƙoƙari.

Mijinki,
Direba

*

Mai Keke,

Sannu. Sannu da dawowa. Likita ya bugo jiya, muna tare da Auta. Ya ce an cire na'urar, kin buɗe ido, kin nemi ruwa. Auta ta saki wayar a ƙasa, gilashin ya tsage, ko a jikinmu. Allah mun gode maka. Yaya maƙogwaron? An ce zai yi ciwo na ɗan lokaci, kada ki matsa wa kanki da magana.

Akwai abin da za ki tambaya, gara ki ji daga gare ni. Tsohuwarki ta rasu ranar Lahadi da hantsi. Na je na tsaya, taga ba kowa. Na daɗe a wurin. Jikina ya ba ni tun kafin Nas ta bugo.

Amma ki ji yadda kwanakinta na ƙarshe suka kasance. Mai aski, kin san bakinsa ba ya riƙe magana ko da an rufe shago, ya ba 'yan gudu labari. Aka fara da mu huɗu: ni da Auta da shi da mai sayar da nama. Sai malama mai tabarau, sai matan nan biyu, sai mutanen da ban taɓa gani ba daga wasu unguwanni. Yanzu duk mai gudu a wannan yanki ta titin baya yake bi. Ba a taruwa, saboda doka. Kowa in ya zo saitin ginin sai ya rage gudu ya ɗaga hannu, ya wuce, na baya ya zo. Tagogin kuwa sun cika: tawul, hula, farantin roba, wani ma matashin kai yake ɗagawa. Nas ta ce masu iya tashi tun da wuri suke neman a matsar da su.

Ta ce tsohuwar kan ƙirga mu da yatsa tana cewa duk baƙinta ne. Ta bar saƙo a ba ki mayafinki a wanke, a kuma gaya miki ta riƙe amana. Ni kuma wai a gaya mini in rage cin abinci. Ban taɓa ganin fuskarta ba, Mai Keke. Sunanta ma sai bayan ta rasu na ji. Amma na yi makokinta kamar gwaggota. Nas ta ba ni lambar ɗanta, na kira shi. Na gaya masa uwarsa ba ta rasu ita kaɗai ba, kullum da masu gaishe ta. Allah ya jiƙanta.

Ki huta. Auta ta ce in gaya miki ta koyi gishiri.

Naki,
Direba

*

Zuwa ga Mai Keke,

Gaisuwa ta ƙarshe a takarda, in Allah ya yarda, tunda jibi motar asibiti za ta kawo ki. Yaya ƙarfin jiki? Nas ta ce kina takawa daga gado zuwa ƙofa, kina hutawa, ki dawo. Madalla. Haka ake farawa, ni shaida ne.

An share ɗaki, an wanke zannuwan gado, an matsar da kujerarki inda iska ke shigowa. Saura magana ɗaya, kuma na san za ki yi gardama, shi ya sa nake so ki gama gardamar tun a can.

Likita ya tambaye ni a hawa na nawa muke. Na ce na huɗu, kuma ginin ba lif, sai matakala. Ya ce huhunki bai kai ba tukuna, ko hawa ɗaya ba ya so ki yi da ƙafarki. Ma'aikatansu kuma ba sa shiga gidaje yanzu, a ƙofar ƙasa za su sauke ki. Ya ce in ba yadda za a yi, sai a ƙara riƙe ki a wani sashe har ki yi ƙarfi, wataƙila wata guda ko fiye. Na ce a'a, akwai yadda za a yi.

Goya ki zan yi.

Kafin ki buɗe baki: na gwada. Na fara da buhun shinkafa, na kai shi sama ban tsaya ba. Jiya na goya Auta. Ta yi ta ihu tana cewa in sauke ta, a hawa na biyu muka huta, a na uku ta daina ihu ta fara dariya, muka isa ƙofa lafiya. Ta auna ni nan take, jinin bai ce komai ba. Na gaya wa likita, ya ce in dai za mu huta a kowane hawa, Auta kuma tana biye da mu a baya, ya yarda. An ajiye kujera a kowace kwana ta matakala.

Na san abin da ke ranki: mutane. Na bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, daga bakin ƙofa. Kowa ya yi alkawarin zai rufe ƙofarsa har mu wuce. Matar hawa na biyu ce kawai ta ce ita gaskiya ba za ta yi alkawarin da ba za ta iya cikawa ba, amma za ta leƙa ta kafar makulli, ba za ki gan ta ba.

Saboda haka ki shirya. Ki riƙe wuyana da kyau, amma kada ki shaƙe ni. Kuma Nas ta ce kin rame sosai, kina mai da rabin abincinki. Yau da gobe ki cinye duk abin da suka kawo miki. Kada ki ce za ki rage mini nauyi.

Sai kin iso.

Mijinki,
Direba